Zare: Tarihin jita mai feda, daga tsibirin Hawai zuwa shagon ɗinkin babanmu a Bagwai

1/ Jama'a, ku matso ku ji tarihin wata jita da na tabbata da yawanku kun taɓa jin kukanta amma ba ku taɓa ganin kamanninta ba. Turawa suna ce mata pedal steel, ni kuwa jita mai feda nake ce mata. Shekara da shekaru ina fama da koyon irin kiɗanta, har yau ban ce na iya ba. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama.

2/ Ni ɗan Bagwai ne a jihar Kano, ƙasar dam ɗin Watari. Babanmu tela ne, da damina yana gona, da rani yana kan keke. A shagonsa akwai wata tsohuwar rediyo mai cin kaset da kwali guda na kaset-kaset: Shata, Ɗanƙwairo, Garba Supa. Sai wasu guda biyu da ƙaninsa direban babbar mota ya zo da su daga Legas, ɗaya na Don Williams, ɗaya na Sunny Ade.

3/ Babanmu ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarbanci, amma waɗannan biyun sai da suka ƙoƙe don juyi. A cikin kowanne akwai wani sauti da yake shigowa a hankali, ya miƙe, ya lanƙwasa, ya sauko kamar mai shessheƙa. Duk sanda ya shigo sai Baba ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya ce, "Kun ji kukumar Turawa nan."

4/ Ni fa da gaske na ɗauka. Na girma ina zaton akwai wani Bature a wani wuri da yake rungume da kukuma. Sai da na yi wayar hannu na shiga YouTube sannan na ga abin. Wani teburi ne mai ƙafa huɗu, mutum yana zaune ya sunkuyar da kai, ƙafafunsa suna taka feda. Wallahi dariya ta kama ni, don sak Baba a kan keken ɗinki.

5/ Daga nan na shiga bin diddigi. Asalin abin ba daga Turawa yake ba ma. Daga Hawai ne, wasu tsibirai a tsakiyar tekun Fasifik waɗanda a da suke da sarautarsu da yarensu. Jita ta ƙaru a can ne bayan 1830, lokacin da sarkinsu ya gayyato makiyaya daga Meziko su koya wa mutanensa kiwon shanu. Makiyayan suka zo da jitocinsu.

6/ A 1874 aka haifi wani yaro Joseph Kekuku a garin Laie. Labarin da aka fi bayarwa shi ne, wajen 1889 yana tafiya a gefen layin dogo riƙe da jita, ya tsinci wani guntun ƙarfe ya goga shi a kan tsirkiya. Sai ya ji sautin ya zame daga ƙasa zuwa sama ba yankewa. Akwai wasu da ake jingina wa ƙirƙirar, amma sunansa ne ya fi fita.

7/ Ku gane abin da ya canja. Jitar da kuka sani tana da 'yan ƙarafa a gicciye a wuyanta. In ka danna tsirkiya, sautin yana tsalle ne daga wannan gaɓa zuwa waccan, kamar hawan matakala. Kekuku ya kwantar da jitar a cinya, ya ɗaga tsirkiyoyin sama yadda ba za su taɓa gaɓoɓin ba, ya riƙa jan ƙarfe a kansu. Matakala ta koma gangare.

8/ Ya daɗe yana gyara salon nan tun yana ɗalibi a makarantar Kamehameha, abokan karatunsa suka koya suka kai gidajensu. A daidai wannan zamani ƙasarsu take kuɓucewa daga hannunsu. A 1893 aka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani, a 1896 aka daina koyarwa da yarensu a makarantu, a 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. Makaɗa da yawa suka fita neman abinci da jitarsu a cinya.

9/ Shi kansa Kekuku a 1904 ya bar gida, bai sake komawa ba. Ya zaga Amurka, ya yi shekaru a Turai, ya mutu a jihar New Jersey a 1932. A 1915 an yi wani gagarumin baje koli a San Francisco, rumfar Hawai ta ja jama'a sosai, daga nan Amurkawa suka haukace da wannan kiɗa. Faifan garmaho ya ɗauke shi ya kai ƙasashe.

10/ 'Yan kallon fim ɗin Indiya, ku ma kun sha jin ta. Indiyawa sun karɓi jitar Hawai hannu bibbiyu saboda waƙarsu cike take da jan murya da lanƙwasa. Mutane irin su Brij Bhushan Kabra suka shigar da ita kiɗan gargajiyarsu, Vishwa Mohan Bhatt kuma ya ci kyautar Grammy a 1994 da irin tasa da ya ƙara wa tsirkiyoyi.

11/ Wani abin da mutane ba su sani ba: jitar lantarki ta farko da aka ƙera aka sayar da yawa, ta cinya ce. A 1932 George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fito da ita a Los Angeles. Da sanholo aka yi ta, ga ɗan kai zagayayye ga dogon wuya, shi ya sa aka yi mata laƙabi da kaskon suya. Duk jitar lantarkin da kuke gani yau, ga kakarta.

12/ To amma akwai matsala. Ƙarfen a miƙe yake, ba ya tanƙwaruwa kamar yatsu. Duk yadda ka ɗaure tsirkiyoyinka, haɗin sautin da zai ba ka ƙayyadadde ne. Sai makaɗa suka fara ƙara wuya: jita mai wuya biyu, mai uku, har mai huɗu, kowane da nasa ɗaurin. Abin ya yi wa cinya nauyi, aka sa masa ƙafafu ya zama teburi.

13/ Sai wasu suka ce, maimakon tara wuya, me zai hana a sa feda wadda in an taka za ta ja tsirkiya ta ƙara mata ɗauri? Kamfanin Gibson ya gwada tun wajen 1940. A 1948 wani makanikin babur a Kalifoniya, Paul Bigsby, ya ƙera wa wani makaɗi Speedy West guda mai feda. Eh, makanikin babur. Ku daina raina masu gareji.

14/ A farko ana taka fedar ne a tsakanin kiɗa, a canja ɗauri a ɓoye, sannan a ci gaba. Kamar canja giya. Sai a ƙarshen 1953, a Nashville, wani saurayi Bud Isaacs yana yi wa mawaƙi Webb Pierce kiɗa a wata waƙa mai suna Slowly. Ya kaɗa tsirkiyoyi, suna cikin ƙara ya taka feda. Wasu suka tsaya cak, wasu suka haura sama a kan kunnen kowa.

15/ Waƙar ta fito a 1954, ta yi mako 17 tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin country, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka. Makaɗan jitar cinya suka rasa barci. Kowa ya nufi wajen maƙera da masu walda a liƙa masa feda a tasa, wasu da wayar rataye riga suka haɗa. Wannan kukan da Baba yake ji a kaset, a ranar nan aka haife shi.

16/ Yanzu ku tsaya. Sauti yana cikin fita, ka matse wani abu, ya canja murya ba tare da ka sake bugawa ba. A ina kuka san wannan? Kalangu mana! Makaɗin kalangu yana matse tsirkiyoyin da hammata, fata ta ƙara ɗauri, murya ta hau. Ya saki, ta sauko. Abin da ya girgiza Nashville a 1954, mahautan garinmu sun gaje shi kaka da kakanni.

17/ Wanda ya daidaita jitar ta zama yadda take yau shi ne Buddy Emmons, an haife shi 1937, ya mutu 2015. A 1956 ya raba aikin fedar Isaacs gida biyu, kowace da tsirkiyoyin da take ja. Abokinsa Jimmy Day ma ya yi haka amma ya juya jerin. Har gobe in za ka sayi jita mai feda sai an tambaye ka: jerin Emmons ko na Day?

18/ A 1957 Emmons da Shot Jackson suka kafa kamfanin Sho-Bud suna ƙera ta. Wadda aka fi koyo da ita yau tana da tsirkiya 10, feda 3 a ƙarƙashin ƙafar hagu, da liba kamar 4 da ake turawa da gwiwa. Ta manyan ƙwararru wuya biyu gare ta, tsirkiya 20, feda 8. In ka leƙa cikinta, sanduna ne da sifirin kamar cikin injin.

19/ Ga yadda take aiki. Ka taka feda ta farko, sanda ta ja tsirkiya ta 5 da ta 10 su hau. Ka taka ta biyu, ta 3 da ta 6 su hau rabin hawan waɗancan. Ka haɗa su biyun da tafin ƙafa ɗaya, haɗin sautin gaba ɗaya ya koma wani, alhali ƙarfen da ke hannunka bai motsa ba ko kaɗan.

20/ Ku lissafa aikin mai kaɗa ta. Hannun hagu yana jan ƙarfe. Hannun dama yatsu uku sanye da farce na roba da na ƙarfe suna tsinkar tsirkiya, gefen tafin yana kashe wadda ba a so. Ƙafar hagu feda, ƙafar dama tana ƙara ƙara ko ta rage, gwiwoyi biyu suna tura liba. Shi ya sa ba za ka ga mai ita yana rawa ko kallon jama'a ba.

21/ To yaya aka yi ta iso Najeriya? Ta kunne ta fara shigowa. Iyayenmu sun saurari Jim Reeves, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1964, daga baya kuma Don Williams. A faya-fayen Don Williams da yawa, mai jan ƙarfen nan sunansa Lloyd Green. Baba ya yi shekaru yana yaba wa mutumin nan bai taɓa jin sunansa ba.

22/ Sai Sunny Ade, haifaffen Oshogbo a 1946, sarkin kiɗan juju. Wajen 1977 ya shigar da jita mai feda cikin ƙungiyarsa, a hannun wani Demola Adepoju. Ka ga dandali cike da masu kalangun Yarbawa da masu jita da 'yan amshi ana ta rausaya, ga mutum ɗaya a gefe a zaune kamar tela, shi ne yake sako wannan kukan a saman ganguna.

23/ A ganina ba banza ta zauna daram a can ba. Yarbanci kamar Hausa ne, hawa da saukar murya suna canja ma'ana. Ku faɗi "kuka" na hawaye, ku faɗi "kuka" ta miya.  Kayan kiɗan da zai bi bakin mai irin wannan yare dole ya iya lanƙwasa. Kalangu ya iya, jita mai feda ma ta iya.

24/ Bayan mutuwar Bob Marley a 1981, kamfanin Island ya ɗauki Sunny Ade. A 1982 aka fitar da faifan Juju Music wanda aka naɗa a Lome ta ƙasar Togo, a 1983 kuma Synchro System, wanda ya shiga takarar Grammy. Amurkawa suka saki baki, ga kayan kiɗan da suke ɗauka na ƙauyensu ne ya dawo musu daga Legas da wani harshe daban.

25/ Ga inda abin ya fi daɗi. A 1986 Paul Simon ya fitar da Graceland, faifan da ya ci Grammy. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta, labarin tafiya ce zuwa gidan Elvis Presley a jihar Tennessee, jihar da Nashville take, cibiyar masu jita mai feda a duniya. Wa ya kaɗa ta a waƙar? Demola Adepoju, ɗan Najeriya. Ku je ku saurara.

26/ Mu dawo gida. Baba bai yi kuskure ba da ya ce kukuma. Kukuma da yayanta goge tsirkiya ɗaya gare su, ta izgar doki, a kan ƙwarya da aka rufe da fata, galibi ta guza. Ba gaɓa ko ɗaya a wuyansu. Yatsa yana taɓa tsirkiyar ne a iska, ba ya danna ta ga itace. In ka kauce da faɗin ƙwayar gero, kowa zai ji.

27/ Ibrahim Na Habu ne ya fito da kukuma ta shahara, sai irin su Garba Supa, Hassan Wayam da Ahmadu Doka. A goge akwai Garba Liyo. Duk cikinsu ba wanda ya koya daga takarda. Yaro yakan bi ubangida ne yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana kiɗan ƙwarya ko kalangu, shekaru suna tafiya. Kafin a miƙa masa kukuma kunnensa ya riga ya nuna.

28/ Ni kuwa ta baya na faro. A 2016 ina karatu a Kano na sayi wata jita ta hannu a Sabon Gari. Jita mai feda ta gaske kuɗinta dubban daloli ne, nauyinta a akwati ya kai rabin buhun siminti, ban ma sa rai ba. Na cusa ƙusa 'yar inci shida a ƙarƙashin tsirkiyoyi na ɗaga su, abokina makanike ya ba ni kan sifana na cire fulogi. Na koma 1889.

29/ Kar ku yi min dariya. Mdou Moctar na Nijar, wanda yanzu yake zaga duniya da jita, ta farkonsa da kansa ya haɗa da katako da wayar birkin keke. Ɗanmaraya Jos, Allah ya jiƙansa, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna har ƙasashen waje. Na ce in dai kayan aiki ne, ba su za su hana ni ba.

30/ Wata shida na farko azaba ce. Duk inda na ja ƙarfen sai tsirkiyoyi shida su ɗauki ƙara tare, kamar an taka wutsiyar kyanwa. A nan na gane rabin aikin kashe sauti ne. Yatsun da ke bayan ƙarfe su kwanta a kan tsirkiya, gefen tafin dama ya kashe wadda ta gama magana kafin wata ta fara. Abokan ɗakina sun ci haƙuri.

31/ Matsala ta biyu ta fi wuya. Ina zuba ido a kan gaɓoɓin wuyan jitar, ina ajiye ƙarfe daidai saitin layi kamar yadda na gani a bidiyo. A ido daidai ne. In na naɗa a waya na saurara, sai in ji duk a karkace, kamar mai karatu da mura. Na sayi data ta fi a ƙirga ina neman inda kuskuren yake.

32/ Da na je hutun Babbar Sallah na tafi da ita Bagwai a cikin buhu. Baba ya gani. Mutumin da ya tsufa yana sauraron Garba Supa ya dube ni ya ce, "Boko muka tura ka ko roƙo? Gidan nan ba mu gaji kiɗa ba." Ban ce komai ba. Haka muke, muna son kiɗa, ba ma son a ce ɗanmu ne makaɗin.

33/ Sai na riƙa sulalewa da yamma can wajen gonakin rani, bakin hanyar ruwan da ke fitowa daga dam, in zauna a gindin wata bishiyar mangwaro. Akwai wani tsoho da yake gadin albasa a wurin. Ba zan faɗi sunansa ba saboda iyalinsa. Kowa ya san a da makaɗin kukuma ne, ya zaga bukukuwa har Bichi da Tsanyawa, daga baya ya ajiye ya ce ya tuba.

34/ Kwana uku yana ji na bai tanka ba. Ran na huɗu ya ce, "Yaro, wannan abin naka me yake cewa?" Na ce, "Baba, ba ya cewa komai, koyo nake." Ya ce, "To ai shi ya sa. Kai hannunka kake kallo. Rufe idonka." Na rufe. Ya ce, "Ce sannu da zuwa." Na faɗa. Ya ce, "To sa shi ya faɗa."

35/ Wallahi na fi awa a kan kalmomin nan uku. In na kaɗa sai ya girgiza kai ya maimaita da bakinsa, yana jan "zuwa" ɗin. Can wajen magariba, ido a rufe, na ji ƙarfen ya faɗa wani wuri da kansa, tsirkiya ta gaishe ni da Hausa. Tsigar jikina ta tashi. Ya yi dariya ya ce, "Yau ka fara. Da can wasa kake."

36/ Daga baya na ga manyan malaman jita mai feda a Amurka abin da suke nanata wa ɗalibai ke nan: layin da ke kan jita jagora ne kawai, kunne ne alƙali. Da ma ido yana ruɗin mai zaune, don a karkace yake hango layin. Abin da na ƙona data ina nema, tsohon da bai taɓa riƙe jita ba ya warware min shi a yammaci ɗaya.

37/ Na roƙe shi ya koya min kukuma. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Na yi alkawari ba zan ƙara kaɗawa a taro ba. Amma nuna wa yaro inda zai sa yatsa, wannan ban yi alkawari a kansa ba. Ka dawo bayan an cire amfanin gona, ka zo da izga." Na ce to, in sha Allahu. Na koma Kano.

38/ Jarrabawa ta zo, na ce sai wani hutun. Bautar ƙasa ta zo, na ce sai na dawo. A 2019 ƙanena ya kira ni yana ba ni labarin gida, a ƙarshe ya ce, "Af, tsohon nan mai gadin albasa ma ya rasu." Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Da na je gaisuwa na tambayi kukumar. Aka ɗauko ta a saman rumbu, gara ta cinye ƙwaryar.

39/ Abin da yake ci min rai har yau: duk yammacin da muka yi tare, waya tana aljihuna. Na naɗi kaina ina kwaɓa sau ba adadi, ban naɗi muryarsa ko ta minti ɗaya ba. Waƙoƙin da ya yi wa manoma da 'yan dambe da amaren ƙasar Bagwai sun tafi tare da shi. Ba kaset, ba hoto, 'ya'yansa ba wanda ya koya.

40/ Ba shi kaɗai ba ne. Dalilan suna da yawa. An daɗe ana kallon makaɗi a matsayin maroƙi. Goge kuma an haɗa shi da bori da gidajen mata masu zaman kansu, malamai suka yi ta wa'azi a kai, da yawa suka ajiye da kansu, musamman bayan 2000. Wannan magana ce ta malamai, ba ni da hurumi a ciki. Tarihi kawai nake kawowa.

41/ Sai kuma fiyano. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano, waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta nuna wa kowa mutum ɗaya zai iya fitar da ganga da sarewa da goge daga akwati guda. Ya fi arha, ba rigimar 'yan amshi. Amma maɓallin fiyano matakala ce. Abin da ke tsakanin taki da taki, inda kukuma take zaune, ya faɗi ƙasa.

42/ Aka ƙara da Auto-Tune, wanda ya fito a 1997. Aikinsa shi ne ya kamo muryar mawaƙi ya ja ta zuwa taki mafi kusa. Ba na zagin mawaƙanmu na zamani, ni ma ina jin su, kuma sun ciyar da dubban mutane. Amma ku saka Garba Supa ku saka ta bana ku saurari yadda kowanne yake sauka daga kan kalma. Za ku ji abin da nake nufi.

43/ Hawai ma ta taɓa shiga wannan hali. Bayan duniya ta karɓi jitarsu, samarinsu suka koma wa kiɗan zamani, masu jan ƙarfe suka zama 'yan tsiraru, duk tsofaffi. A 1972 wani gwani daga Nashville, Jerry Byrd, ya tattara ya koma Honolulu, ya ƙare rayuwarsa yana koya wa 'ya'yan Hawai abin kakanninsu. Ɗalibansa suna cikin masu riƙe da ita yau.

44/ Ga misali ma a maƙwabta. Malam Mamman Barka na Nijar, malamin makaranta kuma makaɗin gurmi da yake waƙa har da Hausa. A 2002 ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Bukar Tar, tsohon da ake ganin shi ne na ƙarshe da ya iya biram, wani kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale. Ya zauna ya koya.

45/ Tsohon ya ba shi biram ɗinsa, bai daɗe ba ya rasu. Barka ya zaga da ita Turai, ya naɗi faifai a 2009, shi ma ya rasu a 2018. Bambancina da shi ɗaya ne. Da aka ce masa zo, ya je. Ni da aka ce min zo, tafiyar da ba ta kai awa biyu daga Kano ba, na ce sai wani hutun.

46/ Masana sun yi nasu. Ames da King sun tattara sunayen kayan kiɗan Hausa a littafi tun 1971, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya adana tsofaffin faya-faye da yawa. Amma littafi ba zai ce maka rufe idonka ba. Wannan sai mutum mai rai a zaune kusa da kai.

47/ Har yanzu jitar Sabon Gari tana nan da ƙusarta. Ban taɓa taɓa mai feda ta gaske ba, sai dai a bidiyo. Bara na je gida na kaɗa a ɗaki a hankali, ina zaton Baba yana barci. Da safe yana kan keke, bai ɗago ba ya ce, "Jiya na ji kukumar Turawa." Bai ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba.

48/ Roƙona gare ku: a garinku ko unguwarku akwai tsohon da ya iya kukuma, goge, garaya, gurmi ko molo? Ku je ku gaishe shi a makon nan. Ku nemi izininsa, in ya yarda ku naɗa, ku tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wa ya koya wa wancan. In bai yarda ba ku ƙyale shi, ku dai saurari labarin.

49/ Wanda ya san mai kukuma da yake raye a Bagwai, Bichi, Shanono, Gwarzo ko Tsanyawa, kuma zai karɓi ɗalibin da ya haura shekara talatin, don Allah ya yi min magana ta akwatin saƙo. Izgar tana nan, na saya tun 2017, tana cikin leda a ƙasan akwatina.  A tura wa wasu.